Filin Tambaya da Amsa: Rabon Arzikin Ƙasa da Kuɗin Ƙananan Hukumomi

Assalamu alaikum. Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon suna magana ne a kan kuɗin gwamnati, wato inda ake samo su, yadda ake raba su tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, da kuma dalilin da ya sa talaka ba ya ganin tasirinsu a unguwarsu. Mun zaɓi biyar daga ciki, kuma mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Kowane wata muna ji a rediyo cewa an raba kuɗi masu yawa a Abuja. Wa ke yanke yadda ake rabon, kuma nawa ne rabon ƙananan hukumomi? Na ji an ce Kotun Ƙoli ta ba da umarni a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, amma har yau ɗalibaina a ƙasa suke zama. Daga wani malamin firamare, Kaduna.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan aikin da kake yi. Tushen maganar yana cikin sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi asusu guda da ake kira Asusun Tarayya, inda ake zuba mafi yawan abin da hukumomin tarayya suka tara, kamar kuɗin ɗanyen mai da iskar gas, da harajin kamfanoni, da kuɗin fito na kwastan. Wannan asusu ba na gwamnatin tarayya ba ne ita kaɗai, matakan gwamnati uku ne suke da haƙƙi a cikinsa. Hukumar RMAFC ce ke da alhakin ba da shawara a kan tsarin rabon, kwamitin FAAC kuwa, wanda ya ƙunshi ministan kuɗi da Akanta Janar na tarayya da kwamishinonin kuɗi na jihohi, shi ne ke zama kowane wata ya raba abin da ya shigo.

Kafin a raba, ana cire ladan hukumomin da suka tara kuɗin, sannan a ware kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai a ba jihohin da aka haƙo su a ƙasarsu. Abin da ya rage, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 suna raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 20.60. Da wannan ma'auni ake aiki tun 2004. A tsakanin jihohi kuma, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa buƙatun ci gaban al'umma kamar ilimi da lafiya da ruwa, sauran kashi 10 kuma bisa ƙoƙarin jiha wajen tara kuɗin shiga na cikin gida. Yawan ƙananan hukumomin jiha ma yana da tasiri a kan jimillar abin da ke shigo mata: Kaduna tana da 23, Katsina 34, Kano 44, Legas 20, Bayelsa kuwa 8 kacal, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da ake yawan taƙaddama a kansu tsakanin Kudu da Arewa.

Inda matsalar da kake gani take farawa shi ne ƙaramin sashe na 6 na wannan sashe na 162, wanda ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa tsakaninta da ƙananan hukumominta. A nan kason ƙananan hukumomi yake sauka, kuma a nan ya kamata jiha ta zuba nata gudummawar daga kuɗin shigarta. Manufar waɗanda suka rubuta dokar ita ce jiha ta ƙara wa ƙananan hukumomi ƙarfi, amma abin da ya faru a jihohi da dama shi ne asusun ya koma hannun gwamnoni. Kafin kuɗi su isa sakatariya, an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, an cire fansho, an cire kason masarautu, an kuma cire kuɗin abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa ba a shawarci kansiloli a kansu ba. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire suna da hujja, wasu kuwa babu. Gwamnoni da yawa sun kuma riƙa rushe zaɓaɓɓun shugabanni suna naɗa kantomomi, kuma kantoma ba shi da bakin da zai tambayi wanda ya naɗa shi ina sauran kuɗin suke.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, inda kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta haramta wa gwamnoni riƙe kuɗin, ta kuma ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke tafiyar da ita ba, ba za a ba ta kaso ba. Wannan ya sa jihohi da dama suka gaggauta shirya zaɓe, a nan Kaduna ma aka yi shi a watan Oktoba na 2024. Sai dai aiwatar da biyan kai tsaye ya yi ta jan ƙafa. An buƙaci kowace ƙaramar hukuma ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, wasu jihohi kuma suka kafa dokokin da za su dawo da wani ɓangare na kuɗin hannunsu ta wata hanya, har shekara ta zagayo ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, wato NULGE, tana kokawa cewa ba a cika umarnin kotu ba.

Ni ina goyon bayan hukuncin, domin ba daidai ba ne a rubuta kuɗi da sunan mutanen Kauru ko na Birnin Gwari, sannan a yanke shawarar kashe su ba tare da wakilansu ba. Amma a matsayinka na malami, akwai tarihin da ya kamata ka riƙe. A 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta rushe hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa ta miƙa albashin malamai ga ƙananan hukumomi, malamai a wurare da yawa sun yi watanni ba a biya su ba, har aka dawo da hukumar a 1993. Wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma a ware albashin malamai tun daga tushe. Ina ganin buƙatarsu tana kan hanya.

Batun kujerun ɗalibanka kuwa, mafi yawan kuɗin gina azuzuwa da sayen kayan zama ba daga kason ƙaramar hukuma suke fitowa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kuma jiha ba ta iya karɓar rabonta sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta. Saboda haka, hanyar da ta fi kusa ita ce shugaban makarantarku da kwamitin iyaye da ke kula da makarantar su rubuta buƙatar, tare da adadin ɗalibai da na kujerun da ake da su, su miƙa ta ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma domin ta shiga tsarin aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, na shekara mai zuwa, kuma su ajiye kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa.

Tambaya: Ina da ɗan shago a kasuwa. Wani ya zo da tikiti ya ce na ƙaramar hukuma ne, wani ya ce na jiha ne, wani ma ba ya ba da rasit. Wanne ne wajibi a kaina? Daga wata mai sayar da atamfa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, doka ta raba wa kowane mataki nasa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwata, da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, don haka kuɗin rumfa da na shago a bisa asali nasu ne. Harajin da ake cira daga abin da mutum yake samu, ko albashi ko ribar kasuwanci, na jihar da yake zaune ne, ban da na sojoji da 'yan sanda wanda ba jiha ke karɓa ba. Harajin kamfanoni na tarayya ne. A jihar Kaduna, dokar da ta tattara haraji wuri guda a 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta ɗora alhakin karɓa a kan hukumar tara haraji ta jihar, wato KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Saboda haka duk wanda ya zo miki, ki nemi ya nuna katin shaidar aikinsa da takardar da ta bayyana sunan harajin da adadinsa, ki biya ta banki ko ta na'ura, ki kuma adana rasit. Wanda ya ƙi ba da rasit, kada ki yi jayayya da shi ke kaɗai, ki kai maganar ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwarku su rubuta koke a madadin kowa. Akwai kuma sassauci a sabuwar dokar haraji ta 2025: wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu harajin samu a kansa.

Tambaya: Me ya sa gwamnonin Arewa suka tayar da jijiyar wuya a kan harajin VAT, kuma a ƙarshe Arewa ta ci riba ko ta yi asara? Daga wani ɗalibin jami'a, Zariya.

Amsa: Harajin VAT shi ne wanda kake biya idan ka sayi kati a waya, ko lemon kwalba, ko siminti, ko da ba ka lura ba. An fara karɓarsa a Najeriya a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Ba ya bin ma'aunin Asusun Tarayya da muka ambata a sama. Shekaru da yawa tarayya tana ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35, kuma a tsakanin jihohi ana raba rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara harajin.

Wannan kashi 20 ɗin shi ne asalin rigimar. Manyan kamfanonin sadarwa da bankuna da masana'antu suna biyan harajin ne daga hedikwatarsu, mafi yawansu kuma a Legas suke, don haka katin da aka saya a Samaru ko a Kafanchan ana lissafa harajinsa a matsayin wanda aka tara a Legas. A ɗaya ɓangaren kuma, jihohi irin su Legas da Ribas suna ganin ana kwasar abin da aka tara a wurinsu ana ba wasu, har Ribas ta kai ƙara, babbar kotun tarayya da ke Fatakwal ta ba ta gaskiya a watan Agusta na 2021, kafin a ɗaukaka ƙara. Da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji a watan Oktoba na 2024, ciki har da shawarar a ɗaga wancan kaso zuwa kashi 60, gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a nan Kaduna a ƙarshen watan, suka ce ba su amince ba. Masu kare ƙudurin sun ce manufarsu ita ce a riƙa lissafi bisa inda aka yi amfani da kaya, ba inda hedikwata take ba, amma kalmomin ƙudurin ba su fayyace hakan yadda zai kwantar da hankali ba, kuma a ganina gwamnonin sun yi daidai da suka nemi a fayyace kafin a zartar.

Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta rage kason tarayya zuwa kashi 10, ta ɗaga na jihohi zuwa 55, ta bar na ƙananan hukumomi a 35. A tsakanin jihohi kuma, rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. Jiha mai yawan jama'a da hada-hadar kasuwanci kamar Kaduna ko Kano tana iya amfana, muddin kamfanoni suna bayyana wa hukumar haraji ainihin inda suka sayar da kayansu. Amma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye: kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu wannan haraji, kuma hakan alheri ne ga talaka, sai dai yana nufin masarar Saminaka da cittar Kachia da raken Makarfi, duk yawansu, ba sa ƙara wa jihar komai a wannan lissafi idan an fitar da su ɗanye. Sai an sarrafa su a masana'anta, an ɗauki ma'aikata masu biyan haraji, sannan jiha take ganin amfaninsu a baitulmalinta. Wannan shi ne aikin da ya rage wa gwamnonin bayan sun yi nasara a kan ma'aunin rabo.

Tambaya: An ce tun da aka cire tallafin mai kuɗin jihohi ya ninka. To me ya sa ba mu gani a ƙasa ba? Daga wani manomin masara, Saminaka.

Amsa: Gaskiya ne adadin ya ƙaru. A farkon 2023 abin da ake rabawa a wata bai kai naira tiriliyan 1 ba, amma a wasu watanni na 2025 ya kai tiriliyan 2. Sai dai babban ɓangare na ƙarin ya samo asali ne daga faɗuwar darajar naira, domin da dala ake sayar da mai, kuma dalar da gwamnati ke canzawa a kan kusan naira 460 a watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Kaduna ma ta amince da 72,000. Kai da kake sayen taki ka fi kowa sanin abin da naira take iya saya a yanzu.

Kaduna tana da wani nauyi na daban, wato bashin waje, inda ta daɗe tana biye wa Legas a jerin da ofishin kula da basussuka na ƙasa ke fitarwa. Irin wannan bashi da dala ake biyansa, kuma tun a Abuja ake cire shi kafin kason jiha ya iso. A watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga cikin naira biliyan 10 na kason jihar a wannan watan, an cire biliyan 7 domin biyan bashi. Magoya bayan gwamnatin Malam Nasir El-Rufai suna nuna titunan da aka gina a Kaduna da Zariya da Kafanchan, suna kuma tunatar da cewa kuɗin shigar jihar ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Wannan fili ba zai yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu ba, amma darasin da ya shafi kowace jiha shi ne wadda kuɗin shigarta naira ne ta yi hattara da cin bashin dala.

A matsayinka na manomi, za ka gane lamarin idan ka ɗauki Asusun Tarayya a matsayin rumbun gandu, kuɗin shiga na cikin gida kuma gayauna. Wanda ya dogara da gandu kaɗai ba shi da ta cewa a kan lokacin da za a buɗe rumbu ko yawan abin da za a auna masa, kuma haka mafi yawan jihohinmu suke, ƙananan hukumomi ma sun fi su shiga wannan hali. Duk da haka, ƙarin da aka samu ba ƙarami ba ne, kuma kana da cikakken haƙƙin tambayar inda ya tafi. Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma wata-wata a intanet, kuma duk yaron da ke da waya a gidanka zai iya duba maka abin da aka rubuta wa Lere. Da wannan adadi a hannu ne ƙungiyar manomanku za ta zauna da kansilan mazaɓarku, ta tambaye shi abin da aka sa wa hanyar ƙauyenku a kasafin kuɗin bana.

Tambaya: A zamanin En'e, da harajinmu aka gina makarantu da asibitoci, ba a jiran Legas, babban birnin tarayya na wancan lokaci. Me zai hana a koma wancan tsari? Daga wani dattijo mai ritaya, Tudun Wada.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Akwai gaskiya mai yawa a maganarka. Tun daga lokacin da aka fara kafa baitulmalin En'e a Katsina, haraji da jangali suna bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi zuwa baitulmali, a ba gwamnati kasonta, sauran kuma a biya malaman elemantare da 'yan doka da ma'aikatan ɗakin shan magani. A matakin yankuna ma, tsarin da kwamitin Raisman ya kawo a 1958 ya bar wa kowane yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa, kuma da ribar gyaɗa da auduga gwamnatin Sardauna ta samu ƙarfin yin manyan ayyuka a zamanin da aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mulkin soja da yaƙin basasa da kuɗin mai ne suka tattara komai zuwa tsakiya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa, da ƙananan hukumomi 301 masu karɓar kaso daga sama.

Amma kai shaida ne cewa wancan haraji yana da ɗaci. An daure magidanta, an sayar da awakin mutane, wasu sun bar garuruwansu saboda sun kasa biya, kuma talaka ba shi da ikon tambayar hakimi lissafi. Wannan ne ya sa jama'a suka yi murna lokacin da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Ba na fatan a dawo da shi. Abin da ya cancanci a dawo da shi daga wancan zamani shi ne kusancin da ke tsakanin mai biya da aikin da aka yi, ta yadda wanda ya biya kuɗin rumfa zai ga an gyara magudanar ruwan kasuwarsu kafin damina. Ana iya samun hakan a yau idan aka bar wa ƙananan hukumomi hanyoyin kuɗin shigar da kundin tsarin mulki ya ba su, aka wajabta musu liƙa kasafin kuɗinsu da rahoton Odita Janar a allon sanarwa na sakatariya da harshen da jama'a ke karantawa, aka kuma gyara zaɓensu. Muddin jam'iyyar da ke mulkin jiha ce ke lashe dukkan kujerun ciyamomi, kamar yadda ake gani a kusan kowace jiha ba tare da bambancin jam'iyya ba, ciyaman zai ci gaba da kallon gidan gwamnati ko da ta Babban Banki kuɗin suka iso masa.

A matakin jihohi kuwa an ɗan fara sassauta riƙon tarayya. Gyaran kundin tsarin mulki da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. Haƙar ma'adinai dai har yanzu tana hannun tarayya ita kaɗai, kuma mun samu wasiƙu biyu daga Birnin Gwari a kan zinaren yankin da rabon da ya kamata jiha ta samu, waɗanda za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.